Diddigen Malachy

"To ki busa mana, me kike jira?" in ji Brid, tana jera kofunan shayi a faranti.

"Ina ƙoƙari."

"Tun ɗazu sarewar nan take bakinki, ko tari ba ta yi ba. Ita ma zaman makokin take?"

Nuala ta sauke sarewar ta ɗora a cinya. A kicin ɗin Brid suke su biyu. Can a falo aka kwantar da Malachy, ƙanen Brid, cikin akwatinsa, an tsayar da agogon bango, an rufe madubi da farin ƙyalle, kamar yadda al'adar makokinsu take. Mutanen garin Kilrush na ta shigowa da jiƙaƙƙun riguna, su yi addu'a, su sha shayi. Wasu in sun gama yi wa Brid ta'aziyya sai su juyo wajen Nuala, su riƙe hannunta, su rasa me za su ce. Ita ba matarsa ba, ba kuma 'yar uwarsa ba. Maƙwabciya ce, mai sarewar da ke zama hagun gogensa kusan shekara arba'in. Ita kanta ba ta san sunan abin da ta rasa ba.

Kafin ya cika, ranar da aka sauko masa da gado falo don ya daina iya hawa bene, ya kama hannun rigar Nuala.

"A bakin kabari ki busa min na bango. Kar ki bari Fadan cocinmu ya sa min waƙar nan tasa mai sa barci."

"Kai dai sha maganinka."

"Ki yi alkawari tukuna."

Ta yi. Ga shi gobe da hantsi za a kai shi, kuma kiɗan ya ƙi zuwa.

Na bango shi ne kiɗansu na farko. Lokacin tana sabuwar ma'aikaciyar jinya, ta kama hayar gidan da ke manne da na su Malachy. Kullum da yamma sai ta ji ana buga diddige a dandamalin katako, sannan goge ya tashi, ya yi rabin kiɗa mai daɗi, ya tsaya cak, ya sake komawa farko. Haka har mako ya zagayo. Ranar da abin ya ishe ta, ta ciro sarewar babanta daga akwati, ta jira ya kai inda yake maƙalewa, ta ƙarasa masa ta cikin bango. Can sai ga ƙwanƙwasa ƙofa, wani dogon saurayi mai manyan kunnuwa, gogensa a hannu.

"Wa ya ba ki izinin gama min kiɗa?"

"Wa ya ba ka izinin hana ni barci da rabinsa?"

Daga nan suka ɗore. Daga kusurwar mashaya zuwa bukukuwan aure, har manyan ɗakunan taro a birnin Galway. Duk kiɗan da suka ƙirƙira haka yake: shi ya kawo rabin farko, ita ta kawo juyin, wato rabin ƙarshe. A gaban jama'a ma, sai ya buga diddige, ya ja goge, ita ta faɗo ciki kamar mai shiga rafin da ya riga ya kama gudu.

"Brid," ta ce a hankali, "ban san farkonsa ba."

"Farkon me?"

"Na bango. Kowanne ma. Na san tsakiya, na san ƙarshe, yatsuna na nan suna jira. Amma ta ina ake shiga? Ban taɓa farawa ba. Ko sau ɗaya."

Brid ta ajiye butar shayi ta dube ta. "Kin busa shi ya fi a ƙirga."

"Na bi shi dai."

"Ai akwai shi a faifanku. Ki saurara."

"Na saurara da safe. Ina kashewa ya gudu. Sai in ɗaga sarewa in tsaya ina jiran wani abu, ban san mene ne ba. Wace irin makaɗiya ce ni ke nan? Ko dai duk shekarun nan inuwarsa ce kawai nake?"

"Inuwa ba ta cin rabin kuɗin biki," in ji Brid. Ta jawo kujera ta zauna, gwiwoyinta na ƙara. "Kar ki yi min kuka a kan burodin baƙi. Ni ya kamata in yi kuka. Ku kuna can ana tafa muku, ni ina nan ƙasa ina wanke-wanke, wannan diddigen nasa na sauka a tsakiyar kaina. Har fentin rufi ya zubo min a miya. Kullum haka, kullum haka."

Ta ɗaga ƙafa ta buga diddigen baƙin takalminta na zuwa coci a ƙasa, don ta nuna yadda abin yake da ban haushi. Ta sake bugawa. Sai kuma, ba tare da ta sani ba, ta soma rera kiɗan ta hanci, da wata murya mai kaushi wadda ba ta taɓa zama daidai ba ko a coci.

Nuala ba ta san lokacin da sarewar ta koma bakinta ba. Brid na kaiwa inda Malachy yake maƙalewa a da, juyin ya fito da kansa, a cike, ya ratsa ƙofar kicin ya shiga falo. Hirar masu makoki ta ɗauke. Wani tsoho ya leƙo, hularsa a ƙirji, ya koma.

Da ta gama, Brid na zaune ƙafarta a sama kaɗan, kamar ta manta yadda ake sauke ta. Hawaye na bin gefen hancinta.

"Ban ma san na iya shi ba," ta ce.

"Gobe ke za ki fara."

"Ni? Da wannan muryar ta hankaka? A gaban Fada da duk gari? Kin zautu."

"Shi ma ba wata murya gare shi ba."

"Kuma maƙabarta ciyawa ce, baiwar Allah, ga ruwa. Diddige ba ya ƙara a kan ciyawa."

Nuala ta waiga cikin kicin ɗin. Idonta ya sauka kan katakon yanka burodi, duk jikinsa sawun wuƙa. Ta tashi ta kakkaɓe ɓurɓushin, ta goge shi da gefen rigarta, ta jingina shi a bakin ƙofa kusa da lema.

"Da wannan za mu tafi," ta ce. "Ki sa takalman nan, ki tsaya a hannun damana."