Tarar da Aka Ci Marigayi Emil

Emil Hruska ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a garin Selby, kuma ba a taɓa tsayar da shi a hanya ba, ko sau ɗaya. Ranar jana'izarsa fasto ya faɗi haka a gaban jama'a. Mutane suka yi dariya da hawaye a ido, don babu wanda bai taɓa maƙalewa a bayan motar Emil yana cizon yatsa ba. Har tarakta mai jan masara takan sha gabansa. Matarsa Marlys ba ta yi dariya ba, amma maganar ta zauna mata. Mutumin bai bar wata dukiya ba, wannan shaidar ce ya bari, ita kuwa ta riƙe ta hannu biyu.

Sati bakwai da rasuwarsa sai ga takarda da sunansa. Wai kyamarar kan hanya ta kama a-kori-kurarsa tana gudun mil arba'in da bakwai a inda doka ta ce talatin, a titin da ya bi ta gaban rumbunan masara. Tara dala saba'in da biyar. Akwai wani ɗan hoto baƙi ƙirin a gefe, ba a ganin komai sai lambar mota. Marlys ta sa tabarau ta duba kwanan watan. Sati uku ke nan bayan an binne shi. Adireshin da za a aika kuɗin ma na wata jiha ce can nesa, inda ba su da kowa.

Dama 'yarta da ke aure a birni ta gargaɗe ta cewa 'yan damfara na bin sanarwar mutuwa a jarida, su riƙa aiko wa matan mamata takardun ƙarya. To ga su sun iso. Kuɗin bai dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ƙaryar da suka zaɓa. Da sun ce bai biya kuɗin wuta ba, da ta yarda, don ya sha mantawa. Amma gudu? Emil?

Ta kira Georgine, ƙanwar marigayin, wadda suka shekara arba'in suna tsokanar juna. Georgine ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ita kam ta ji daɗi, yayanta ya samu gudun da ya rasa a duniya. Da ta ji Marlys ba ta ɗauki wasan ba sai ta sassauta. Ta ce kada ta kuskura ta kira lambar wayar da ke jikin takardar, ta sa takalmi kawai, ga ta nan zuwa su tafi ofishin hukumar gari su tambaya baki da baki.

Ma'aikaciyar da suka tarar sunanta Tamra, tana cikin yaran da Emil ya yi ta kaiwa makaranta. Ta zagayo daga bayan kantar ofishin ta rungume Marlys, ta ce har yau tana tuna yadda yaran kan roƙi Baba Emil ya ɗan taka, shi kuma ya ce makarantar ba guduwa za ta yi ba. Marlys ta shimfiɗa takardar a kan kantar, ta ce so take a kama waɗanda suka rubuta ta.

Tamra ta duba, ta ɗan sosa kunne. Ta ce gaskiya tun bazara gari ya kafa kyamara a wannan titin, kuma wani kamfani na wata jiha ne ke buga takardun yana aikawa, shi ya sa kullum sai an shigo mata da irin wannan tambayar. Wasu na ƙarya ne, wasu ba na ƙarya ba. Ta shigar da lambar takardar a kwamfuta. Ta jira. Sannan a hankali ta ce wannan dai ta gaske ce.

"'Yar nan, mutumin yana ƙarƙashin ƙasa a ranar," in ji Marlys. "Ke ma kina wurin."

Tamra ta ce kyamara ba ta san wanda ke tuƙi ba, lambar mota kawai take karantawa, takarda kuma ta tafi ga wanda sunansa ke kan motar. Ta tambaya ko an ba wani aro. Marlys ta ce babu mahaluƙin da ya taɓa motar nan, tana rumfa yadda ya ajiye ta, hularsa ma na kan kujera. Sai Tamra ta juyo musu da fuskar kwamfutar, ta buɗe babban hoton.

A-kori-kurar ce, an ɗauko ta daga baya da rana tsaka. Ba a ganin direba. Amma bayan motar cike yake da kwanonin gashi da tukwane da farantai, an jera su cikin kwalaye, an cusa tawul a tsakani.

Georgine ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin. Ta ɗora yatsa a kan wani shuɗin kwano mai murfi.

"Matar yaya, wannan ba kwanona ba ne? Wanda na kawo miki dankali da cuku a ciki?"

Marlys ta nemi kujera ta zauna.

A Selby, in an yi rasuwa, kowane gida sai ya kawo abinci, an manna sunan mai kwano a gindinsa. Cin abincin ba wuya. Mayar da kwanon ne aiki, don ba a aikawa, da kanki za ki kai, a zaunar da ke, a zuba miki kofi, a riƙe hannunki a tambaye ki yadda kike kwana. Kwano ashirin da uku suka taru wa Marlys. Ta kai biyu, ta dawo gida kamar an yi mata duka. Sai ta yi dabara. Ta zaɓi ranar Laraba da hantsi, lokacin da matan gari ke taron ɗinki a coci, ta loda sauran a motar Emil don ƙaramar motarta ba za ta ɗauka ba, ta bi gida gida tana ajiyewa a bakin ƙofa. Awa ɗaya da rabi gare ta kafin a tashi. Kwanakin nan duk sun cakuɗe mata, ta manta ma ta taɓa fitar da motar.

Georgine ta yi dariya har ta dafa kantar. Ta ce ashe shi ya sa ta dawo ta tarar da kwanonta a kan matakala kamar an jefo shi daga sama, ba ko 'yar takardar godiya. Ta ce shekara arba'in wannan baiwar Allah na zaune a gefen yayanta tana haɗiye gudu a ciki, ba wanda ya sani. Marlys ta ce ta rufe mata baki, amma ita ma ba ta san ko dariya ce ke zuwa mata ko kuka ba.

Tamra ta bari suka lafa, sannan ta ce abin mai sauƙi ne. In aka kawo takardar shaidar mutuwa, gari zai yafe tarar, tunda mai motar ya rasu, ba sai an biya ko sisi ba. Georgine ta ce to shi ke nan, su je gida su ɗauko.

Marlys ba ta tashi ba. Ta tambaya me zai rage a cikin kwamfutar in an yafe. Tamra ta ce za a ga sunansa, da gudun da aka yi, da cewa an soke saboda rasuwa. Marlys ta tambaya ko akwai wata hanyar. Tamra ta ce akwai fom da mutum zai cike ya ce shi ne ke tuƙi, sai a cire sunan mai mota a sa nasa, amma fa sai ya biya.

"Haba matar yaya, wa zai buɗe kwamfutar nan ya duba? Shi kansa Emil da dariya zai yi."

"Ya yi dariyarsa. Bai yi gudu ba. Ni na yi."

Tamra ta miƙo fom da biro. Marlys ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, tana danna biron kamar za ta huda takardar. Ta nemi inda ake rubuta dalili, Tamra ta ce babu wurin dalili, sa hannu kawai. Ta sa. Ta tsaya a kan yarinyar har sai da ta ga an goge sunan Emil daga layin, nata ya hau.

Da suka fito, Georgine ta tsaya a gaban motarta tana lalube a jaka. Ta ciro makulli ta cilla wa Marlys.

"Ungo, ke za ki ja mu. Na bar wake a wuta."