Kushewar Baba a Kufai

Mahaifiyarmu, Inna Tambaya, ta cika da hantsi. Abu guda ta bar mini: in kwantar da ita kusa ga Baba, can kufai, bayan Kebbe, inda mutanenmu sunka zauna kafin a dawo bakin hanya.

Ni ban taka wurin ba tun ina saurayi. Abin da na sani, kowace kushewa an kewaye ta da baƙaƙen duwatsu, wasu ma tun kafin kakanninmu, ba wanda ya san masu su. Da munka isa, ni da ƙanena Gazali da Ɗangiwa mai gina kabari, sai munka iske fili fetal. Mutane sun kwashe duwatsun sun kai gida sun ɗora rumbunansu a kai. Saura 'yan tsiraru warwatse cikin ciyawa.

"Armaya'u, ina Baban naku?" in ji Ɗangiwa.

Na nuna gindin wata aduwa. Gazali ya ce, "Yaya, tsamiya ce fa."

"Kai da kaka bayan Inna goye ran da anka rufe shi, mi ka sani?"

Amma ni ma ban tabbata ba. Ba tsamiya ko guda a wurin, kuma aduwar ba ta yi kama da wadda ta girme ni ba. Can gida an yi wanka, an sa likkafani, mutane na zaune suna jira. Wayar Gazali sai ƙara take.

Ɗangiwa ya fara gina gindin aduwar. Da ramin ya kai gwiwa, diga ta ce ƙwas. Ya tsaya cak. Mu nan da fasassun tukwane aka rufe mamaci kafin a tura ƙasa, in ka ji wanga sauti to kan wani kake.

"Ni ban ƙara sara," ya ce. "Ku kai ta sabuwar maƙabarta, Allah bai tambayar unguwa."

Na sauka ramin da kaina, na share ƙasar. Bakin randa ne. Jikinsa an dangwala babban yatsa a jere, irin shaidar da Inna ka yi wa tukwanenta tun tana ginin tukwane.

"Randar Inna ce," na ce. "Baba na nan."

Gazali ya leƙo. "Yaya, rabin garin ga randar Inna sunka sha ruwa."

Gaskiya ya faɗi, shi ya sa na ji haushi. Munka mai da ƙasa, munka yi addu'a ga ko wane ne. Na tako kaɗan gabas, na karɓe digar daga hannun Ɗangiwa.

Kowane sara sai na tsaya na kasa kunne. Ƙasa ta kai gwiwa, ta kai ƙugu, ba ƙwas. Na ce wa Gazali ya kira gida su taso.

Kafin su iso na bi ciyawa na tattaro duwatsun da sunka rage, na kewaye waccan kushewa da ta Inna wuri guda.