Kazar da Ke Saman Latas

Dogo tela ne, ɗinki ya iya, girki kuwa sai a hankali. Ranar da matarsa za ta awon ciki ta bar masa sallahu: abincin Baba na kan murhu, ya yanka masa latas a kai, don mahaifin nasa ba ya cin abinci sai da ɗanyen ganye.

Yana buɗe firji ya tarar da ɓarna. Ɗanyar kazar da shi da kansa ya cusa a sama jiya, ledarta ta huje, ruwan jini-jini ya ɗiga cikin robar latas. Ga masu kaya na jiransa a shago. Ya zubar da ganye biyu na sama, ya goge sauran da tsumma, ya yanka. Baba ya cinye tas, har da sa albarka.

Kwana biyu tsakani, amai da gudawa suka kwantar da tsohon. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa leda huɗu.

"Ai na sani, latas ɗin matar nan ta bakin layi ne," in ji matarsa. "Wa ya san ruwan da take yayyafa masa?"

Har ta je ta wanke mai kayan lambun tas a gaban jama'a, Dogo bai fito da gaskiya ba. Sai dai ya koma zagayawa ta bayan layi in zai tafi shago, ɗinki kuma yana yi yana farkewa.

Ran nan dattijuwar mai kayan lambun ta tare shi da ledar lemo.

"Ɗana, ya mai jiki? Kai masa. A wanke da kyau dai, kar a ƙara cewa ni ce."

Da ƙyar ya karɓa. Yana isa gida ya faɗi komai a tsaye, a gaban Baba.

"Tsumma?" Matarsa ta dafe ƙirji. "Abin da ruwan ɗanyen nama ya taɓa ai zubarwa ake yi! Kuma kana kallo na ci mutuncin baiwar Allah?"

"Ni na warke," in ji Baba daga kan tabarma. "Mai latas ce ba ta warke ba."

Matar Dogo ta yafa mayafi, ta turo masa takalmansa da ƙafa.

"Wuce gaba. Kai za ka fara magana, kuma da ƙarfi, yadda masu shaguna za su ji."