Ƙararrawar Rumbun Haliru

A shekarun da Nasara suka fara zama a Birnin Kebbi, ɓarayin hatsi sun addabi garin Wurogauri, har magidanta suka riƙa ɗaura ƙararrawa a murfin rumbu. Sai dai Maigari ya gindaya doka. In ƙararrawa ta kaɗa, ka kira maƙwabci ya zo ya gani, ka duba sawu, ka leƙa cikin rumbun ka tabbata an ɗiba, sannan a aika Kalgo a kira dogarai. Gani ya kori ji. Dogari kuwa ba ya zuwa ya koma da igiya ba kowa a cikinta.

Akwai wani magidanci, Haliru, wanda ambaliya ta cinye gonarsa a shekarar. Abin da ya rage masa bai kai rabin rumbu ba, kuma bai bari kowa ya sani ba, sai matarsa Kubura, ɗiyar Malam Abdulgani na Gwandu.

Ran nan da hantsi, gari duk an tafi yankan shinkafa, Haliru yana fadama ya ji ƙararrawarsa. Ya sheƙo. Daga nesa ya hangi bayan wani mai rawani yana kora jaki ta bayan danga. Maƙwabcinsa Ɗanjuma ya tare shi.

"Tsaya mu leƙa rumbun, mutumina."

"In leƙa mi? Ka ji da kunnenka!"

"Kunne na ji. Ido fa? Kai da ko akuya ta yi atishawa sai ka ɗauki sanda."

Haliru ya ture shi ya kama hanyar Kalgo da gudu. Sauri kuwa shi ke haifar nawa.

Da la'asar dogarai suka shigo gari bisa dawaki, suna jan mutum da igiya a ƙugu, jakinsa na biye. A hanyar Gwandu suka cim masa. Rawaninsa ya warware yana jan ƙasa. Babban dogarin, wanda ake kira Albarka, yana ta yi masa ba'a.

"Tsoho, ga gemu ga tazbaha ga hawan rumbun mutane! Ina ka ɓoye geron? Ko jakin ya cinye?"

Aka tsayar da tsohon a ƙofar Maigari, jama'a ta taru. Haliru ya kutsa ya ga fuskar mutumin. Surukinsa ne, Malam Abdulgani, mutumin da ko sunansa bai taɓa kamawa ba, wanda in sun haɗu a hanya yakan tuɓe takalmi ya durƙusa.

Maigari ya ce, "Malam, mi ya kai ka rumbun wanga yaro?"

Malam ya dubi ƙasa. In ya buɗe baki, sai ya faɗa a gaban gari cewa mijin ɗiyarsa ya kasa ci da gida. Ya zaɓi igiya.

Kubura ce ta fasa taron, mayafi a hannu.

"Ku kwance mini uba! Ku je ku leƙa rumbun da aka ƙi leƙawa!"

Aka ɗunguma zuwa gidan Haliru, Ɗanjuma ya hau rumbun ya buɗe murfin. Ga dammunan gero sababbi a sama, ɗaurin Gwandu. Tsohon ya kawo su ne a lokacin da ya san ba kowa a gida, don kada surukinsa ya karɓa hannu da hannu ya ji nauyi.

Albarka ya kwance igiyar yana gunaguni, ya ce ba su yi sukuwar banza ba, aka kama musu kajin Haliru. Haliru ya rarrafa gaban tsohon. Malam ya naɗa rawaninsa a tsanake, ya juya wajen Maigari, da shi ya yi magana.

"A ce masa ya ci geron. Halal ne."

Ya kora jakinsa. Kubura ta bi bayansa, ba ta ko shiga ɗaki ta ɗauki kaya ba.

Sai da dattawan Wurogauri suka yi ta sintiri zuwa Gwandu kafin ta dawo, gab da shuka. Malam ya yafe, haka manzo ya faɗa. Amma har ya koma ga Allah bai sake taka garin ba, ko ranar sunan jikansa, rago kawai ya aiko.