Kifin da Baba Ya Bari

Yana tsaye cikin tafkin, ruwa har gwiwa, yana kwashe ganye, sai ya ji an banko ƙofar langa-langa. Bai ko juya ba, ya san hannun yayansa.

"Fito, macuci," in ji Yaya. "Ashe ranar rabo masu jini mai kyau ka kwashe, ka bar ni da tarkace."

Kifin ado ne, koi, da babansu ya mutu ya bari. Ƙyanƙyasa ɗaya ce, aka raba musu da kwano suna kamar ɗan yatsa. Yaya mai sa tayil ne, ya gina wa nasa ɗan kwami a tsakar gida, fari fes, har da fitila, don baƙi su gani. Shi kuwa ƙanen, a ramin da aka ɗebi ƙasar gini ya zuba nasa, ruwa kore, ƙasa taɓo. Yanzu nasa sun kai damtse, na Yaya ba su wuce tafin hannu ba.

"Kai ka riƙe kwanon, Yaya. Ni bokiti kawai na tara."

"Ko matata ta ce an cuce ni."

"Ta faɗa maka yaushe rabonku da canza ruwa? Jini launi yake bayarwa, da iyakar inda kifi zai tsaya. Ka ga baƙin kifin can? Ci kamar gara, ya ƙi girma, nasa jinin ke nan. Naka kuwa a kwanon wanka ka ɗaure su."

"Kwamin nawa ne kwanon wanka?"

"Mai fitila."

Yaya ya ɗaure fuska. "In ba a sake rabo ba, ni da gidan nan har abada."

Ƙanen ya jefa raga, ya kamo babbansu, ja da fari, ya saka a baho.

"Ɗauki. Ka ƙara biyu in kana so."

Kifin ya lanƙwashe, jela a waje, yana ta bugun roba. Yaya ya tsuguna, ya auna shi da taƙi. Mai tayil ne, ya san faɗin kwaminsa ko ido a rufe: wannan kifi ba zai ko iya juyawa a ciki ba. Ya daɗe a tsugune.

"Mayar da shi kafin ya ji ciwo." Ya miƙe, ya kakkaɓe wando. "Gobe zan kawo nawa su sha taɓon nan. Amma fa nawa ne, kar ka haɗa."

"Ta yaya za mu gane su?"

"Ƙananan mana."

"Yau dai," in ji ƙanen, ya karkata bahon.