Ranar da Aka Hana A'i Guɗa

Duk bikin 'yan Nijar da za a yi a Bronx, in ba a ji guɗar A'i ba, to ba a tashi ba tukuna. Wannan matar ce 'yarta Firdaoussi ta zaunar a falonsu na Parkchester tana kafa mata doka.

"Maman, ranar wasana za a ɗauki sauti. Shi zan aika wata makaranta a Faransa, ko su karɓe ni ko su ƙi. No guɗa, please. Ko tari."

"Wane irin kiɗi ne wanga, da tari ka kashe shi?"

Tambayar na kan hanya. Abin da yarinyar ta yi shekaru tana koyo sunansa lut, wani gurmi mai ƙaton ciki da tsirkiya birjik ta hanjin tumaki, wanda Faransawan dā suke kaɗawa a ƙuryar ɗaki. Firjin A'i ya fi shi murya.

Ranar wasan, a wani ɗan zaure a Manhattan, A'i ta zauna a layin gaba ta ƙame, don kar shaddarta ta yi ƙara. Firdaoussi ta daɗe tana murɗa 'yan kunnuwan abin tana saurare. A'i na ta gyaɗa kai, a zatonta an fara. Ashe gyaran tsirkiya ne. Da aka fara ɗin ma bambancin ba yawa. Yarinyar ta taɓa, ta jira, ta ja wani sautin ta gajarta wani, kamar mai tafiya a ɗakin da jariri ke barci. Turawa sun yi tsit, ba mai tashi, ba mai liƙi. A'i ta tausaya wa 'yarta ƙwarai.

Kafin kiɗan ƙarshe yarinyar ta ɗago ta yi bayani da Turanci, sannan da Hausarta mai ɗingishi. Ta ce irin wannan kiɗan, makaɗan lut kan yi shi ne ga wanda ya rasu, ita kuma babanta Sulaimanu za ta yi wa.

A'i ba ta taɓa jin an yi wa mamaci kiɗa ba. A garinsu waina ake toyawa a raba, a yi addu'a. Amma kiɗan na gangarowa a hankali, sai kewar marigayi mijin nata ta taso mata. Ba ta san abin da ake yi a nan ba, sai ta ɗaga tafukanta. Sautin ƙarshe na dusashewa, cikin shirun da masu lut ke lissafawa a kiɗa, ta shafa.

"Amin," ta ce, da muryarta ta biki.

Bayan an watse, mai ɗaukar sauti ya sa wa Firdaoussi abin sauraro a kunne. Ya ce zai iya goge amin ɗin tas, ba wanda zai sani. A'i na tsaye a bakin ƙofa rungume da jaka, kunya ta hana ta shigowa.

Firdaoussi ta saurara, ta sake saurara.

"Leave it," ta ce. "A haka zan aika."