Yankan Malam Ishaya

Rifkatu na durƙushe tana juya ƙullun waina sai ta ji ragonta ya yi kuka guda ɗaya a bayan ɗaki, ya yi tsit. Ta ajiye ludayin ta zagaya da sauri. Ga mijinta Malam Ishaya tsugune da wuƙa a hannu, jini na gangarawa gindin zana.

"Malam, ina Malam Sada?"

"An yi rasuwa a Dudunni, tun asuba ya hau jakinsa. Na ga rana na yi, na ce bari in rage miki aiki."

Malam Ishaya mutum ne mai son rage wa mutane aiki, sai dai ba kasafai ake gode masa ba. Shekara guda ke nan da Turawa suka turo shi Kankiya daga ƙasar Zazzau a matsayin malamin asibiti. Wajen allura da wankin gyambo kam ba a fi shi ba, amma tunanin abin da zai biyo baya ba sana'arsa ba ce. Shi da matarsa ne kaɗai Kirista a unguwar.

A shekarar nan Rifkatu ta ci tuwon maƙwabta har ta ji kunya. Ƙaramar Salla akushi bakwai ya shigo mata, Babbar Salla kuwa sai da ta rasa inda za ta rataya nama. Don haka ta ɗaure rago wata huɗu tana ba shi harawa da dusa, ta bi gida-gida ta shaida wa mata cewa ran Kirsimeti kada wadda ta ɗora tukunyar rana. Ta kuma roƙi Malam Sada, mai jan salla a masallacin unguwa, ya zo ya yanka da hannunsa, domin ta san ba wanda zai kai naman bakinsa in ba Musulmi ne ya yanka ba. Duk wannan shiri ne yanzu yake kwance yana shure-shure a gaban mijinta.

Da Malam Ishaya ya ga fuskarta, sai ya gane ɓarnar da ya yi. Ya sassauta murya.

"To wa ya gani? Zana ta kewaye mu. Kuma da sunan Allah na yanka, ba da sunan dodo ba. Ki ce wani malami ne mai wucewa ya taimaka mana."

Gaskiya maganar ta shige ta. Ta dubi ragon, kitse har ya rufe masa ƙugu, ta tuna yadda ta cika baki a gaban mata. Kunya ta kama ta tun kafin kowa ya ji, har hawaye suka taru mata don takaici. Sai ta wanke hannu ta ɗauki mayafi.

"Ina za ki?"

"Gidan Gwaggo. Kai kuma ka kwashe ragonka ka kai zaure, kada ko kitsensa ya taɓa mini tukunya."

Gwaggo Kubura ita ce maƙwabciyarsu ta jikin zana, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda duk abin da ta ce a unguwar mata ba sa ƙetarewa. Rifkatu ta same ta tana tsince kalwa a faifai. Ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta yi wani kewaye-kewaye ba.

"Gwaggo, rago ya ɓaci. Malam Sada bai samu zuwa ba, maigidana ne ya yanka."

Tsohuwa ba ta ɗago kai ba. "To. Yanzu mi za ki yi, ɗiyata?"

"Abincina yana nan yadda na yi alkawari. Waina da taushe, sai dai ba nama."

"Taushe ba nama, ran sallarku?" Gwaggo ta yi dariya har faifan ya karkace. "Ke kau akwai ƙarfin hali. Matan unguwar ga ba su da kunyar baki, sai su yi maki waƙa."

"Su ci tukuna, in ya so su yi waƙar. Ki ara mini babbar tukunyarki, don kowa ya san inda aka dafa. Ki kuma ba ni daddawar da kike ɓoye wa kanki, ba ta talla ba."

Nan ne Gwaggo ta ɗago ta dube ta sosai. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da tukunya da curin daddawa uku a ganye.

In dai girki ne, Rifkatu ba ta tsoron kowa, kuma lokacin kaka ne, ƙasa ta ba da duk abin da take da shi. Akwai kabewa biyu jajaye da wani manomin Kusada ya kawo wa mijinta bayan gyambonsa ya warke. Akwai sabuwar gyaɗa, da waken Dudunni fari tas wanda ƙwaro bai san da shi ba tukuna. Tana cikin fere kabewa sai ga Hawwa, Bafulatanar Kaikai mai kawo mata nono, ta sauke ƙwarya a ƙofar ɗaki. Rifkatu ta ce yau ba nono take so ba, man shanun da ke ƙwaryar duka za a bar mata.

Ta soya albasa a man shanun har ƙamshi ya tsallake zana. Ta surfa waken ta dafa shi ya yi lugub, ta dama shi cikin kabewar yadda miyar za ta yi jiki. Ta daka gyaɗa da daddawa da tattasai ta zuba, ta kawo yakuwa daga ƙarshe don ɗan tsami. Sannan ta zauna gaban tanda. Wainar gero ta riƙa tashi tana kumbura, gefenta na yin ja, tana juyawa da tsinke tana tarawa a kwando har hayaƙi ya sa idonta ya yi jawur.

Can a zaure Malam Ishaya na fama da fiɗa shi kaɗai. Sau biyu yana leƙowa ya tambaya ko a kawo mata ko da ƙashi ɗaya ne, sau biyu tana nuna masa hanya da tsinken waina. Daga bisani ya aika wa akawunan kantin gyaɗa, 'yan kudu, cewa su zo su taya shi.

Da azahar ta ɗauki akussa da kanta ta bi gidajen. A kowane gida, kafin a buɗe, sai ta faɗi abin da ya faru da ragon da kuma tukunyar da aka yi miyar a ciki. Aka karɓa da hannu biyu, aka yi mata barka da salla. Ta dawo gida ta zauna jira. Karɓa daban, ci daban, kuma ko akushi ya dawo a wanke ba zai gaya mata cikin wa abincin ya shiga ba.

Bayan la'asar ta ji sallama. Gwaggo Kubura ce, da akushinta a hannu ba ta ko buɗe ba.

Rifkatu ta miƙe ta tarye ta. "Gwaggo, dawo da shi kika yi?"

"Shimfiɗa mani tabarma. Ni ba ni cin abincin salla ni ɗai kamar mayya."

Ta zauna ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta gutsuri waina ta dangwalo miya. Ta tauna a hankali, ido a lumshe. Ta sake kai loma, ta sake, sai da ta tashi da waina huɗu kafin ta yi magana.

"Maƙwabciyarmu Rahamatu ta aiko a tambaye ki mi kika sa ciki, wai mijinta ya sha miyar har da kurɓa. Na ce ta zo ta tambaya da bakinta, tana nan tahe da sauran."

Rifkatu ta yi ajiyar zuciya, dariya ta kuɓuce mata. Daɗi ya cika ta, ta hau gyara murfin kwandon waina.

Gwaggo ta lashe yatsa, ta nuna zanar da ke tsakanin gidajensu da haɓa.

"Kin ga ɓular can? Da sahe ina shanya kalwa na hangi mijinki da wuƙa. Tun kahin rago shi daina shure-shure na sani."

Hannun Rifkatu ya tsaya a kan kwandon.

"Na koma na zamna ina jiran in ga da wace magana za ki shigo mani. Da kin kawo naman nan, wallahi da hannu biyu za mu amsa, mu yi maki godiya, karnukan unguwa su sha Kirsimeti. Kuma har ki bar garin ga ba mai gaya maki."

Daga waje aka jiyo muryoyin mata suna sallama. Gwaggo ta tura mata akushin.

"Tashi ki ƙaro mani miya tun ba su shigo sun cinye ba."